Kunnuwan Kofur Buraima

Duk wanda ya zauna a Moshi Zongo ta Tamale a shekarun samun 'yancin kai ya san Kofur Buraima mai aski, ko da bai taɓa miƙa masa kansa ba. Rumfarsa tana gindin wata darbejiya kusa da layin mahauta: benci biyu, kujera ɗaya da aka tallafe wa ƙafa da dutse, da ɗan madubin hannu da yake miƙa wa mutum bayan an gama. Ubansa Bakatsine ne, cikin fataken goron da suka sauka Salaga suka manta hanyar gida, uwarsa kuwa 'yar Dagomba. Askin nasa ba wani abin a zo a gani ba ne, gaskiya, akwai waɗanda suka fi shi hannu a unguwar. Bakinsa ne ke tara masa mutane.

A lokacin akwai wani Kwara ɗan Lebanon da ya mai da tsohon siton gyaɗa gidan silima. Asabar da Lahadi bayan la'asar ake toshe tagogi da buhuna a haska fim. Buraima ba ya fashi. Washegari kuwa tun da hantsi benci biyun nan sun cika, wasu ma kawunansu tas suke, babu abin askewa, sun zo ne kawai jin labarin fim, su ce, "Kofur, yaya sinin jiya?" Abin da ya faɗa shi ne hukunci. In ya ce fim ya yi, sai Kwara ya rasa wurin zaunar da jama'a. In ya taɓe baki ya ce ba a ɓata takalmi a kansa, sai ɓeraye su yi kallonsu su kaɗai.

Yana da ra'ayoyinsa, kuma ba ya sassauta su don kowa. Finafinan kaboyi, in ji shi, dawakinsu gaskiya ne, mutuwarsu ƙarya ce.

"Wanda harsashi ya samu ba ya dafe ƙirji ya yi wa mutane jawabi," yakan ce yana wasa aska a jikin fata. "Zama yake yi. Ya zauna ya ƙura wa takalminsa ido, shi ke nan."

Na Indiya kuwa cewa yake mace ta yi rabin awa tana kuka kwallinta bai motsa ba, wa za a yaudara? Waɗanda ya fi so su ne tsofaffin nan masu baƙi da fari da ba a magana a ciki, waɗanda Kwara ke jefowa in sabon kaya bai iso daga Kumasi ba. Ya ce a cikinsu ne ake gane ɗan wasa na gaske, don ba shi da wurin ɓuya sai fuskarsa. Kowa ya yarda Kofur yana jin Turanci, tun da ya yi soja a Boma lokacin yaƙin duniya. Shi ya sa in ya ce ga abin da ɗan fashin ya gaya wa yarinyar a bakin rijiya, ba mai musu. Kuma wanda aska ke yawo a maƙogwaronsa dama ba ya cika gardama.

To, Kofur Buraima ba ya jin Turanci. Hausar ma ba ya ji. Kurma ne.

A Boma aikinsa miƙa harsasai ga wata babbar bindiga ne. Wata da watanni yana tsaye a gefenta. Wata safiya ya tashi kunnuwansa suna ƙara, bayan kwana uku ƙarar ta ɗauke, ta tafi da sauran komai. Na hagu ya mutu murus. Na dama kuwa in an yi tsawa mai ƙarfi yakan ji kamar ana jan turmi a gidan maƙwabta. A jirgin ruwan dawowa ya koyi kallon leɓe, yana zaune yana bin bakunan 'yan'uwansa sojoji har ya iya tsintar rabin magana, ya cike sauran da kansa. Da ya iso Tamale ya ga yadda ake yi da wani kurma mai ɗiban ruwa, ana magana a kansa yana tsaye kamar buhu, sai ya ja bakinsa. Da fari kunya ce. Daga baya kuma lokacin faɗa ya wuce.

Dabararsa ba ta da wuya. Shi ke magana, ba ya barin fili. In an yi masa tambaya daga gaba ya karanta baki, in daga baya ne ya yi shiru, mutane su ce ai Kofur ba ya amsa shirme. A silima ma ya fi kowa riba, don duk ɗakin ba mai jin yaren, su suna wahalar da kunne a banza, shi yana karanta ido da kafaɗa da yadda mutum ke ajiye hula. Matarsa Shetu kaɗai ta sani. Ita ce ladaninsa: in an kira salla sai ta ajiye buta a gabansa, ko ta aika masa da ita rumfa.

Kada a ce yana cikin baƙin ciki. Da ma baƙin cikin ne, da an san abin da za a yi masa. Ba ya jin komai ne kawai. Tuwo da miya duk ɗaya suke a bakinsa. Ranar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga sabuwa, ya tsaya cikin dubban mutane a fili yana kallon bakuna a buɗe, jijiyoyin wuya a miƙe, tsofaffi suna share hawaye. Ya duba cikinsa ko zai sami wani abu, bai samu ba. Washegari ya ba da labarin ranar a rumfa, ya fi duk waɗanda suka yi kukan iya ba da shi. Awa biyun nan na hantsi da ake zagaye shi ana tambayarsa, su ne abin da ke tashinsa daga tabarma da safe, ba shi da wani.

Babban abokin gardamarsa Usumanu mahauci ne, ƙato mai taushin zuciya, wanda Hausarsa ta zango ce zalla, ba ta raba mace da namiji. Shi ɗan finafinan Indiya ne, saboda waƙoƙin. Kowace Alhamis yakan zo a kwashe masa kai. Mai aski kuwa a baya yake tsayawa, don haka Buraima ba ya ganin bakinsa. Sai dai in ya dafa kan da hannun hagu yakan ji ƙoƙon yana ɗan rawa a ƙarƙashin yatsunsa, ya san ana magana. In rawar ta tsaya sai ya ce, "To. Allah ya kyauta." Wannan amsa ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Shekara shida kafin abin da zan faɗa, matar Usumanu, Azeta, ta rasu. Bayan sadakar arba'in ya zo rumfa da tsakar rana, ba kowa, ya zauna a kujera. Kan ya yi ta rawa a hannun Buraima, ya daɗe, har kafaɗun suka kama girgiza. Buraima ya tsai da aska ya jira. Da abin ya lafa ya ce, "Allah ya rufa asiri, Manu." Tun daga ranar kowace Juma'a sai tsokar nama ta iso gidan Shetu, kuma Usumanu ya riƙa gaya wa mutane cewa duk Tamale ba mai riƙe amana kamar Kofur. Buraima ya ci naman shekara shida bai san amanar mece ce ba.

Shekara guda bayan 'yancin kai, Kwara ya kawo wani fim na samarin Amurka masu kiɗan da ake kira rokanrol. A makon farko Buraima yana ƙauyen Kasalgu wajen askin suna, bai gani ba. Ya dawo ya tarar da unguwa ta ɗauki zafi. Wai samari sun bar zama sun hau rawa, sun karya benci biyu, sun fito suna karkaɗa gwiwa a titi har magariba ta wuce su. Wai akwai 'yan mata a ciki. Dattawa suka taru a ƙofar masallaci, Malam Abdulwahabu na'ibin liman yana kan gaba, yana so a kai ƙara wurin hukuma a hana. Amma Malam mutum ne mai tsoron zalunci. Ya ce ba za a yanke wa waƙa hukunci ba a san abin da take faɗa ba, kuma ba a tsai da magana sai da shaidu biyu. Shi dai ba zai taka gidan silima da rawaninsa ba. Sai a sami mutum biyu masu mutunci waɗanda shigarsu ba abin magana ba ce. Usumanu zai kalli rawar. Kalmomin waƙar kuwa, wa ke jin Turanci in ba Kofur ba?

Haka dattawan Moshi Zongo suka zauna, suka yi shawara, suka auna, suka zaɓi kurma ɗaya tilo da ke cikinsu ya je ya saurari kiɗa. Buraima ya karanta maganar a bakin Malam sarai, ya ce, "To."

Da Shetu ta ji, ta ajiye tankaɗen da take yi ta zo ta durƙusa a gabansa, inda haske ke faɗa wa fuskarta, kamar yadda ta saba.

"Maigida, mi za ka gaya musu?"

"Abin da na saba."

"Na rumfa hira ne," ta ce a hankali, tana buɗe baki sosai. "Wannan shaida ne. A ƙofar masallaci."

Ya kau da kai, wanda a gidan nan shi ne toshe kunne.

Ranar Asabar Kwara ya tarbe su da fara'ar mai tsoro. Don girmamawa ya sa aka ajiye musu kujeru biyu a can gaba, Buraima a jikin wani babban akwatin katako da sauti ke fitowa daga ciki. Shi da ya saba zama a baya bai taɓa kusantar akwatin ba. Ɗakin ya cika maƙil, zafin kwano yana sauka a ka. Aka fara. Wasu samari masu man gashi suna ta gardama da iyayensu, Buraima yana bi yana shirya abin da zai ce sun ce. Sai wani dogo ya rataya garaya irin tasu, na bayansa ya ɗaga sanduna a kan ganguna.

Ta tafin ƙafa abin ya shigo masa. Ya hau ƙwauri, ya bi kujera ya kama ƙugunsa, ya zauna a ƙirji yana bugawa. Ya san wannan. Haka bindigar Boma ke zuwa, ta ƙasa, kafin kunne ya sani. Ya riƙe hannun kujera ya jira tsoro ya zo, tsoro bai zo ba. Wannan bugun yana da tsari, yana tafiya yana dawowa inda aka sa rai, huɗu huɗu, ba ya neman ran kowa. Ya sa tafin hannu a jikin akwatin. Katakon yana rawa kamar kan Usumanu ranar Alhamis, sai dai ya fi ƙarfi sau ɗari. Da dogon ya buɗe baki, wata siririyar rawa ta hau bisa ta gangunan, Buraima ya gane murya ce. Shekara goma sha uku rabonsa da murya.

Bai yi kuka ba, bai yi murna ba. Ya dai bar hannun a wurin har aka gama. Bayansa samari suna ta tsalle, ƙura tana tashi cikin hasken fim. Da ya dubi ƙasa ya ga ƙafarsa ta dama tana bugawa ita kaɗai, ya taka ta da ta hagu.

Washegari bayan sallar azahar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci. Usumanu ya fara. Ya ce rawar dai ta marasa kunya ce, gwiwa kamar ta ɗan akuya sabon haihuwa, kiɗan kuma hayaniya ne paa, wato zalla, ko kusa bai kai na Indiya ba, amma shi bai ga an taɓa kowa ba. Aka yi dariya. Malam Abdulwahabu ya juyo.

"Kofur, kai muke jira. Me waƙar ke cewa? Akwai batsa, ko saɓon Allah? Ka faɗi abin da kunnenka ya ji, Allah yana shaida."

Amsa biyu ya zo da su a shirye. Zai iya cewa batsa ce, dattawa su ji daɗi, a ɗauke akwatin da abin da ke cikinsa. Zai iya cewa waƙar saurayi ce mai kewar garinsu, ba wanda zai kama shi. Ya yi irin wannan sau dubu. Amma bakin Malam ya ce kunnenka, ya ce Allah, kuma ya karanta su ba kuskure. Ya tarar ba zai iya ba. Ba jarumtaka ba ce, gajiya ce ta sauko masa gaba ɗaya.

"Malam, kunnena bai ji komai ba," ya ce. "Ba jiya kaɗai ba. Tun Boma. Ni kurma ne. Bakinku nake kallo. Turancin ma ban taɓa iyawa ba, abin da nake gaya muku a rumfa daga fuskokinsu nake ɗauka. Kiran salla Shetu ke gaya mini. Kiɗan nan dai na ji shi a ƙafa da ƙirji, kuma in ra'ayina kuke so, ban ga laifinsa ba. Amma shaidar kunne ba ni da ita."

Ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Can sai ya ga wani dattijo a gefe ya sa hannu ya kare baki yana yi wa na kusa da shi magana. Ba a taɓa yi masa haka ba, kuma ya san daga yau haka za a riƙa yi.

Ba wanda ya zage shi. Da sun zage shi ma da ya fi. Malam ya dafa kafaɗarsa ya yi masa addu'a da baki a wangame, kamar mai kiran wani a hayin kogi. Aka ce za a nemi wani malamin makaranta ya je ya saurara. Kafin a same shi fim ɗin ya gama kwanakinsa an mai da shi Kumasi, maganar ta mutu a nan.

Da mutane suka watse Usumanu ya tsaya a gabansa. Fuskarsa ta yi wani iri.

"Kofur. Ranan nan, bayan arba'in na Azeta. Abin da na gaya maka."

"Ban ji ba, Manu."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Usumanu ya daɗe yana kallonsa. "Ashe har yanzu ni kaɗai na sani," ya ce. Ya sa takalmansa ya tafi.

Rumfa ba ta rufe ba. Masu son aski suka ci gaba da zuwa, har da ƙari, don tausayi. Suna shigowa su ɗaga masa hannu, su nuna kai, su nuna gemu, su zauna. Waɗanda ke benci suna hirarsu a junansu, sun juya masa ƙeya ba da mugunta ba. Ranar Litinin ta farko ya buɗe baki ya ce kaboyin jiya bai iya hawan doki ba. Aka gyaɗa masa kai da murmushi, irin wanda ake yi wa tsoho mai maimaita labari. Bai ƙara ba. Ba wanda ya sake cewa, "Kofur, yaya sinin jiya?" Ya ci gaba da zuwa silima, yanzu a gaba yake zama, hannu a jikin akwati, ko wane irin fim ne. Naman Juma'a ya daina zuwa. Shetu ta koma sayen kifi busasshe.

Alhamis uku Usumanu bai zo ba. A ta huɗu, da tsakar rana, lokacin da benci ke zama wayam, sai ga shi, gashi ya tsiro masa fari-fari kamar an barbaɗa gari. Bai yi sallama da hannu irin ta sauran ba. Ya zauna a kujera ya ba da baya. Buraima ya jiƙa kan, ya shafa sabulu, ya dafa da hagu, ya ɗora aska.

Ya kai rabi sai ƙoƙon ya fara rawa a ƙarƙashin yatsunsa. A hankali, yana tsayawa yana ci gaba. Ko Usumanu ya manta ne, ko kuwa da gangan ya zo wurin da zai faɗa ba a ji ba, Buraima bai sani ba. Rawar ta yi tsawo, sannan ta tsaya. Tsohuwar amsar ta zo masa har bakin leɓe, a shirye, ba ta buƙatar komai.

Ya naɗe askar ya ajiye. Ya jawo benci ya kawo gaban kujerar, ya zauna har gwiwoyinsu suna taɓa juna.

"Ban ji ba, Manu," ya ce. "Dube ni. Fara daga farko, kada ka yi sauri."

Usumanu ya dube shi, rabin kai a aske, sabulu yana gangaro masa ta bayan kunne.

"Ranar da Azeta ya rasu, ya roƙe ni tun da safe in kai shi asibiti," ya ce da Hausarsa ta zango. "Na ce ya jira a tashi kasuwa."

Buraima ya karanta duka, bai rasa ko harafi ba. Abin ya soke shi a ƙirji, daidai inda gangar nan ta zauna, ya yi masa ciwo ƙwarai, ciwon da rabonsa da irinsa tun kafin Boma. Wani mai son aski ya leƙo rumfar, Buraima ya ɗaga masa hannu ya koma, idonsa bai bar bakin Usumanu ba.

"Ina jin ka," ya ce. "Sai aka yi yaya?"